Zubewar gashin mai jinyar dajin huhu: Hukuncinsa da haƙƙinsa a kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wani dattijo a masallacinmu, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru ba a rasa shi a sahun farko. Tari ya kama shi, aka yi watanni ana ba shi maganin tarin fuka ba sauƙi, sai daga baya gwaji ya nuna ciwon dajin huhu ne. Likitoci suka ɗora shi a kan maganin da ake kira kemoterafi, wanda ake ƙara wa mutum ta jijiya duk bayan mako uku. Ba a yi wata guda ba, wata asuba yana alwala, ya tsefe gemunsa, sai gashin ya biyo hannunsa. Cikin 'yan kwanaki fuskarsa ta koma tamkar ta yaro, har gira ba ta tsira ba.

Ranar da ya daure ya fito sallar Juma'a, wani matashi mai kishin Sunna ya ja shi gefe, ya yi masa nasiha a kan haramcin aske gemu. Dattijon bai ce masa uffan ba. Daga ranar ya daina zuwa jam'i, ya kuma shaida wa iyalinsa cewa ba zai koma asibiti ba, wai gara ya gamu da Ubangijinsa da gemunsa. Da muka je gaishe shi, tambayar da ya fara yi mana ita ce: "Malam, ina da zunubi a kan wannan?" Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mun san ba shi kaɗai ba ne, kuma abin da mata ke haɗiyewa a cikin ɗakuna ya fi nasa ɗaci.

Me ya sa gashin ke zuba?

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu fara da bayanin likitoci. Ciwon daji ƙwayoyin halitta ne na jikin mutum da suka ɓalle daga tsari, suna rarrabuwa suna yaɗuwa babu ƙaƙƙautawa. An tsara magungunan kemoterafi ne su farauci duk ƙwayar da ke saurin rarrabuwa su hallaka ta. To, a jikin ɗan Adam akwai lafiyayyun ƙwayoyi da su ma haka ɗabi'arsu take: na ɓargo masu samar da jini, na fatar cikin baki da hanji, da na saiwar gashi. A kowane lokaci kusan kashi 90 cikin 100 na gashin kai yana cikin halin tsiro ne, shi ya sa idan maganin ya ratsa jini saiwar gashi na cikin wuraren da ya fi taɓawa. Gashin yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan ƙarin farko, wani a hankali, wani kuwa dunƙule-dunƙule a kan matashi. Abin yakan shafi suma da gemu da gira da gashin ido, har da na cikin hanci.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Daga cikin waɗanda ake amfani da su a dajin huhu, etofosayid da fakilitaksel da dosetaksel sun yi suna wajen zubar da gashi, alhali femetireksed sau da yawa sai dai ya rage masa cika. Don haka mutum biyu za su iya kwana a ɗaki ɗaya da ciwo iri ɗaya, ɗaya ya zama ƙwal, ɗaya kuma sumarsa na nan. Wannan bambanci ba ya nuna wanda magani ya fi karɓa. Hoton ƙirji da gwajin jini ne ke nuna yadda ciwon yake, kuma likita ne mai karanta su.

Abin da ya fi muhimmanci mai jinya ya ji shi ne, a mafi yawan mutane saiwar ba ta mutuwa, suma take yi. Galibi akan yi ƙarin maganin sau 4 zuwa 6. Makonni kaɗan bayan na ƙarshe sai wani laushin gashi ya fara lekowa, cikin wata 3 zuwa 6 kuma kai ya rufe, ko da yake launinsa ko laushinsa kan iya sauyawa da farko. Gaskiya ne akwai 'yan kaɗan da nasu ba ya dawowa yadda yake, musamman waɗanda aka haska wa kai da na'urar ƙona daji saboda ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, amma su ne marasa rinjaye.

Ke nan babu sammu a cikin wannan al'amari, babu jifa, babu bakin uwa. Sababi ne bayyananne daga cikin sabuban da Allah Ya halitta. Wanda ya ga gashi a kan matashi ya ruga wurin boka, ya tara wa mara lafiyarsa asara biyu, ta lafiya da ta aƙida.

Shin ya halatta a bar magani saboda gashi?

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik (RA) cewa ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani, ya umarce su da nema, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani in ban da tsufa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta tsare, gashi kuwa ado ne da kamala. Idan lalura ta ci karo da ado, lalura ake gabatarwa, kuma wannan ƙa'ida ce da ɗalibin usulu ke koya tun a farkon karatu.

Muna da misali a Sunna. A shekara ta 6 bayan Hijira, a Hudaibiyya, ƙwarƙwata ta addabi Ka'abu ɗan Ujra (RA) yana cikin harami, har tana zubo masa a fuska. Aski haramun ne ga mai harami, amma Annabi (SAW) ya umarce shi ya aske, ya yi fansa da azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya, kuma a kan haka ne aya ta 196 ta Suratul Baƙara ta yi magana. Idan cutarwar ƙwarƙwata ta isa a ɗage hani a cikin ibada mai girma irin wannan, ina ga ciwon da ke cin huhu?

Sai dai amana ta wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Da yawa daga masu dajin huhu a ƙasashenmu ba sa isa asibitin ƙwararru sai ciwon ya yi nisa, wani lokaci saboda kamarsa da tarin fuka. A irin wannan mataki maganin kan zama na tsawaita kwana da sauƙaƙa numfashi da rage raɗaɗi, ba lallai na warkarwa ba. Mara lafiya baligi mai hankali yana da haƙƙin ya zauna da likitansa ya tambayi amfanin da ake tsammani da wahalar da ke tattare, sa'an nan ya yi istihara ya zaɓa. Idan bayan wannan ya ga jikinsa ba zai ɗauka ba, ba mu da ikon mu kira shi mai saɓo. Abin da muke ƙi shi ne a yanke magani a tsakiya saboda madubi, ko saboda tsoron bakin mutane, ko don wata gwaggo ta ce maganin ya fi ciwon illa. Gashi na sake tsirowa, amma damar da aka bari ta wuce a jinyar daji da wuya ta dawo.

Gemu, alwala da aski

Ga amsar da muka ba dattijonmu, muna kuma ba duk mai irin halinsa. Umarnin da ya zo a Sunna na cika gemu yana magana ne a kan abin da mutum ke yi da zaɓinsa. Wanda gemunsa ya zuba saboda jinya bai aske ba, bai sa an aske masa ba, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Babu zunubi a kansa ko ƙwayar zarra. Limancinsa ya inganta, shaidarsa karɓaɓɓiya ce, matsayinsa a sahun farko na nan. Har ma muna kyautata zaton ana rubuta masa ladan Sunnar da ya saba, domin Bukhari ya ruwaito cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya a gida.

Alwalarsa ma ba ta da wata matsala. Zai wanke fuska daga inda gashi ya saba tsirowa a goshi zuwa ƙarshen haɓa, ya shafi fatar kansa kamar yadda da yake shafar suma. Gashin da ya zuba bayan alwala ba ya warware ta. Malamai da dama sun so a tattara gashin ɗan Adam a binne don girmama shi, kuma yin haka ya fi a bar shi iska na yawo da shi a tsakar gida.

Wasu sukan zaɓi su aske sauran sumar tun kafin ta gama zuba, don su huta da ganinta a kan tufafi da abinci. Wannan ya halatta ga namiji, ya kuma halatta ga mace saboda lalura. Amma a yi hattara da aska. Maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta da waɗanda ke tsayar da zubar jini, don haka ɗan yanka kaɗan na iya zama babban ciwo. Injin aski mai tsabta, wanda ba a haɗa shi da kowa, ya fi askar wanzami aminci a wannan lokaci. Haka ƙaho, duk da falalarsa a Sunna, kada a yi wa mai karɓar wannan magani sai da izinin likitansa. Idan zazzaɓi ya taso masa a tsakanin ƙari da ƙari, asibiti za a nufa a daren, kada a jira wayewar gari. Fatar kan da ta saba da rufi kuma tana buƙatar hula mai laushi saboda rana da sanyin hunturu, kamar yadda ido da hancin da suka rasa gashinsu ke buƙatar kariya daga ƙura.

Halin 'yan uwanmu mata

Dajin huhu yana kama mata, har da waɗanda ba su taɓa riƙe sigari ba, kuma maganin dajin mama ma haka yake zubar da gashi. Mace ta tashi tun tana ƙarama da kitso da tsifa da man shafawa, ranar da ta tsefe kanta ta ga kalaba guda a hannunta, abin da ke zuciyarta Allah kaɗai Ya san shi. Kada wani ya ce mata ai gashi ne kawai. A hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA), da mala'ika ya tambayi mai sanƙo abin da ya fi so, kyakkyawan gashi ya roƙa, saboda mutane suna ƙyamarsa, kuma aka ba shi ba tare da an zarge shi ba. Baƙin cikin rashin gashi halin ɗan Adam ne, bai saɓa wa haƙuri ba, matuƙar harshe bai furta fushi da hukuncin Allah ba.

Tambayar da ta fi zuwa mana daga mata ita ce ta hular gashi. A nan wajibi ne mu kawo dalilai yadda suke. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata wani? Ya hana, ya kuma ambaci la'ana a kan mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Wannan nassi ne a kan mara lafiya, shi ya sa malamai suka haɗu a kan haramcin ƙari da gashin mutum, wasu kuma, irin su Shaihu Ibnu Baz, suka tsananta a kan hular gashi. Malaman Hanafiyya sun yi sauƙi a kan abin da ba gashin mutum ba, kamar zaren ulu. Shaihu Ibnu Usaimin kuwa ya yi fatawar cewa macen da kanta ba gashi sam tana iya sa hular, domin a wurinsa wannan kawar da aibi ne, ya kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya yi masa izinin sa na zinariya.

Abin da muke gani shi ne, ɗankwali da hula mai laushi sun wadatar, sun kuma fitar da mace daga saɓani, balle ma zubewar ta 'yan watanni ce. Allah Ya yi wa matanmu gata da suturar da ta riga ta rufe musu wannan sirri a waje. Amma wadda damuwa ta yi wa yawa har take neman barin magani, idan ta ɗauki fatawar masu sauƙaƙawa, ta sa ta zare a cikin ɗakinta da sanin mijinta, tana cirewa lokacin alwala da wanka, ba mu ga dalilin aibata ta ba. Abin da babu sauƙi a cikinsa shi ne a rufe wa mai neman aure gaskiya da ita, domin wannan algus ne.

Ku kuma maza, a nan ake gane zaman amana. Matar da ta ba ka ƙuruciyarta, yau tana ɓoye kanta daga gare ka saboda kunya, kai ne za ka fara cire mata wannan kunyar. Ka zauna kusa da ita, ka shafa mata mai da hannunka, ka raka ta asibiti. Wanda ya zaɓi wannan lokaci don ƙaurace wa ɗakinta, ko don yi mata barazana da kishiya, ya sani Allah na gani, kuma lafiyar da yake taƙama da ita aro ce. Abokiyar zama da dangin miji su ma su ji tsoron Allah, kada ciwon baiwar Allah ya zama abin habaici a tsakar gida ko abin labari a gidan biki.

Haƙƙinsu a kan jama'a

Suratul Hujurat, a aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da mummunan zato da bin diddigi da giba. Duk waɗannan sukan taru a kan mai jinyar daji. Ya rame, gashi ya zuba, sai a fara raɗa cewa ƙanjamau ne, ko asiri ne, ko alhakin wani ne ya kama shi. Wasu har gudun haɗa kwano suke yi da shi, alhali ciwon daji ba a ɗaukarsa ta numfashi ko abinci ko musafaha. Hasali ma shi ne ke cikin haɗari daga murarmu da tarinmu, don haka mai mura ya gaishe shi ta waya har sai ya warke.

Ga ɗalibanmu masu kishin Sunna muna cewa: kishinku abin yabo ne, amma sharaɗin hani da mummuna shi ne ka tabbata mummunan ne. Tambaya ɗaya cikin ladabi, "Baba, lafiya kuwa?", da ta wadatar da wancan matashi. Da muka sanar da shi halin da ake ciki ya yi kuka, ya je har gida ya nemi gafara, daga baya ma shi ya riƙa kai dattijon asibiti a kan babur ɗinsa. Dattijon ya ƙarasa ƙarin da aka tsara masa, ya dawo sahunsa, gemun ya fito fari fat, bai kai cikar na da ba. Har yanzu yana zuwa ganin likita, kuma muna roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.

Mu limamai da masu wa'azi akwai namu laifin. Mukan yi huɗuba a kan haƙuri a dunƙule, ba mu cika sauka kan irin waɗannan tambayoyi da ke hana mutane barci ba. Ya kamata kwamitin kowane masallaci ya san marasa lafiyar unguwarsa. Jinyar daji tana cin dukiya, kuma mai zuwa Shika ko Kano ko Sakkwato ko Abuja ko Yamai duk bayan mako uku yana buƙatar kuɗin mota da na masauki kafin a zo ga na magani. Wanda jinya ta talauta ko ta jefa cikin bashi ya shiga cikin masu cin zakka, kuma ba sai ya tsaya a gaban sahu ya tona asirinsa za a ba shi ba.

Daga ƙarshe, in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da dajin huhu a duniya, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu, babu wani nau'in daji da ya kai shi kisa. Hukumar ta danganta kusan kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa da shan taba. Matasanmu da suka rungumi sigari da shisha su yi wa kansu faɗa, magidanta su daina busa wa iyalinsu hayaƙi, a kuma fitar da murhun itace da gawayi daga ɗakin da iska ba ta ratsawa. Tarin da ya wuce mako uku, ko ya zo da jini, ko ya ƙi jin maganin tarin fuka, a koma wurin likita a nemi ƙarin bincike. Wanda kuma ya riga ya kamu bayan ya sha taba a baya, ba gori yake buƙata daga gare mu ba, ƙofar tuba a buɗe take, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk wahala da ciwo da damuwar da ta sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, Allah na kankare masa zunubai da ita. Muna fatan kowane silin gashi da ya faɗi a kan matashin mai jinya ya shiga wannan lissafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.